Kalmar “Resource”: Asalinta, Ma'anoninta, da Rigimar da Take Ɗauke da Ita a Najeriya

Duk mai bin muhawarar rabon kuɗin tarayya a Najeriya, ko da Turancinsa bai yi nisa ba, ya taɓa cin karo da kalmar “resource”. Tana cikin sunan ma'aikatar man fetur da ta ruwa, tana bakin 'yan siyasar Neja Delta tun ƙarshen shekarun 1990, tana kuma cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, a daidai wurin da ma'anarta ke yanke hukuncin ko jiha za ta sami ƙarin kaso daga asusun tarayya ko ba za ta samu ba. Gidajen rediyo da jaridun Hausa sun daɗe da daidaitawa a kan fassara ta da “albarkatu” ko “arziki”. Fassarar ta zauna daram, ba kuwa kuskure ba ce. Sai dai akwai wani sashe na ma'anar kalmar da ba ya tsallakowa zuwa Hausa, kuma a wannan sashen ne yawancin gardamar take.

Inda kalmar ta fito

Turancin Ingilishi ya aro kalmar daga Faransanci a farkon ƙarni na 17. Faransawa kuwa sun gaje ta daga wata kalmar aikatau ta Latin, “resurgere”, wadda ke nufin sake tashi, ko miƙewa bayan faɗuwa. Daga tushe ɗaya suka fito da “source”, wato mafari ko idon ruwa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. Ƙarin “re” ɗin da ke gabanta shi ne ke kawo ma'anar maimaici.

Saboda haka a farkon shigarta Turanci babu ruwan kalmar da zinariya ko man fetur. Tana nufin abin da mutum zai juya gare shi idan ya shiga matsi, abin da zai dafa ya miƙe. Bahaushe zai ce madogara, ko mafita, ko abin tsare gida. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka fara amfani da jam'inta, “resources”, don nufin dukiyar ƙasa da hanyoyinta na samun kuɗi. Wannan sabuwar ma'ana ta bunƙasa tare da masana'antu da mulkin mallaka, lokacin da ƙasashen Turai suka shiga ƙididdige abin da ke ƙarƙashin ƙasa da bisanta a yankunan da suka mamaye. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Tana nan a sifar “resourceful”, wadda ake yi wa mutum mai dabara, wanda ba ya rasa makama.

Ma'anoninta a yau

Ma'anar da ta fi yawo a labarai ita ce ta “natural resources”: ƙasar noma, ruwa, daji, kifi, ma'adinai, mai da iskar gas. Masana sukan raba su gida biyu, masu sabuntuwa kamar daji da hasken rana, da masu ƙarewa kamar kwal da man fetur. Rabon yana da amfani, amma bai kamata a sakankance da shi ba, domin dajin da ake sara fiye da yadda yake tsirowa shi ma ƙarewa yake yi.

Ta biyu ita ce kuɗi da kayan aiki da ma'aikatan da wata hukuma ke da su. Idan kwamishina ya ce ma'aikatarsa ba ta yi aiki ba saboda “lack of resources”, ba ma'adinai yake kuka da rashinsu ba. Yana nufin babu kuɗi, ko motoci, ko ma'aikata, ko duka ukun. Jami'ai suna son wannan jimla ne saboda faɗinta, domin ba ta tilasta musu su faɗi abin da aka rasa takamaimai, balle wanda ya jawo rashin. Ɗan jaridar da aka ba wannan amsa, tambayarsa ta gaba ita ce: wanne daga ciki? An ware kuɗin ba a saki ba, ko tun farko ba a ware ba?

Daga nan sai “human resources”, wadda ke nufin abu biyu: mutanen ƙasa ko na kamfani a matsayin ƙarfin aiki, da kuma sashen kula da ma'aikata a ofis. Jimlar ta yaɗu a harkar gudanarwa bayan tsakiyar ƙarni na 20, har ta ture tsohuwar kalmar “personnel” a wurare da yawa. Akwai waɗanda har yanzu ba ta yi musu daɗin ji, don tana jera ɗan Adam a sahu ɗaya da injin da ɗanyen kaya, kuma ƙorafin nasu ba na banza ba ne. A makarantu, “learning resources” littattafai ne da kayan koyarwa. A taron bita, “resource person” shi ne masanin da aka gayyato ya gabatar da darasi. A kwamfuta kalmar na nufin ƙarfin na'ura da wurin ajiyarta, kuma harafin R da ke tsakiyar URL, wato adireshin shafin intanet, wannan kalmar yake wakilta.

Ta fuskar nahawu, idan ana maganar dukiya ko kayan aiki kusan kullum jam'i ake amfani da shi. Tilo kuwa sai idan ana nuna abu guda: “water is a scarce resource”, ruwa abu ne mai ƙaranci da ake dogaro da shi. Ana kuma mayar da ita aikatau, musamman a Turancin ofis na Birtaniya, inda za a ce asibiti “under-resourced” ne, wato ba a wadata shi da abin aiki ba. Furucinta ya bambanta: Amurkawa suna nauyaya gaɓar farko, Ingilawa da yawa kuma ta biyu, wasunsu ma suna furta “s” ɗin kamar “z”. Duka daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne cakuɗa ta da 'yan uwanta na sauti. “Recourse” ita ce garzayawa ga wata hanya don neman haƙƙi, kamar zuwa kotu. “Resort” kuwa ita ce ke cikin “last resort”, matakin ƙarshe bayan an rasa yadda za a yi.

Abin da fassarar Hausa ke ɓoyewa

“Albarkatu” jam'in albarka ne, daga Larabci. “Arziki” ma daga Larabcin take, daga kalmar da ke nufin abin da Allah ya azurta bawa da shi. Dukansu suna kallon abu ta fuskar baiwa: an ba ka, naka ne, sai godiya. Shi ya sa jimlar nan da muke ji kullum, cewa Allah ya albarkaci ƙasar nan da arzikin ƙasa amma talaka na cikin wahala, take zuwa da mamaki a cikinta, kamar dai a ce ga abinci a tukunya an hana masu gida ci.

Kalmar Turancin ba ta yi wannan alkawarin ba. Ita tana kallon abu ta fuskar amfani: abin da za a iya juyawa gare shi don biyan wata buƙata. Masanin tattalin arziki Erich Zimmermann, wanda ya wallafa babban littafinsa a kan albarkatun duniya a 1933, ya gina tunaninsa a kan cewa ba a halittar abu yake zama “resource” ba. Yana zama ne idan aka sami mai buƙatarsa, da ilimin fitar da shi, da kasuwar da za ta saya. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gushe, sai abin ya koma dutse ko laka kamar yadda yake a da.

Tarihin Najeriya cike yake da shaidar haka. Masu haƙar kuza a tsaunukan Jos sun yi shekaru suna zubar da wani baƙin yashi da ke fitowa tare da kuzar, suna ɗaukarsa shara. Wannan yashin shi ne kolumbait. Da aka fara buƙatar ƙarfen da ke cikinsa wajen ƙera injinan jiragen sama masu jure zafi, kuma Amurka ta shiga sayensa tana tarawa a farkon shekarun 1950, sai aka koma ana tone tsofaffin jujin, Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da shi a duniya. Kwal ɗin Inugu kuwa akasin haka ya same shi. An gano shi a 1909, ya riƙe jiragen ƙasa da tashoshin wuta shekaru masu yawa, sannan da jiragen suka koma shan dizal, yaƙin basasa kuma ya tsayar da aiki, sai darajarsa ta faɗi alhali yana nan jibge a ƙasa. Iskar gas ɗin Neja Delta ta daɗe ana ƙona ta a sararin sama don kamfanoni mai suke nema, ita kuwa cikas ce a wurinsu. Yau kuma ga lithium a Nasarawa da Kaduna da Kwara, dutsen da manomi ke turewa gefe shekaru ashirin da suka wuce, batirin waya da na motar lantarki sun mai da shi abin rububi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san wata kalma da ake yawan cakuɗawa da wannan, wato “reserve”. A harkar haƙar ma'adinai da mai, “resource” shi ne abin da bincike ya nuna akwai shi a ƙasa, da ƙarfin tabbaci mai hawa-hawa. “Reserve” kuwa shi ne yankin da aka tabbatar za a iya fitarwa a ci riba da fasahar da ake da ita da farashin da ake ciki. Ganga biliyan 37 ɗin da ake cewa Najeriya na da su na ɗanyen mai, “reserves” ne. Amma idan gwamna ya tsaya a taro ya lissafa ma'adinan da ke jiharsa, ya ɗora musu farashin tiriliyoyi, yawanci ko matakin “resource” mai tabbaci ba su kai ba, alamu ne kawai aka gani. Hausa tana kiran duka biyun “arziki”, sai mai sauraro ya ɗauka kuɗi ne a ajiye. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, mutane da yawa sun ɗauka Arewa ta shiga sahun masu sayar da mai ke nan. Tsakanin gano mai da lodinsa a jirgi akwai tazarar shekaru da jari mai yawa. Ko a Oloibiri, inda aka dace a 1956, sai a 1958 aka fara fitarwa, bayan an shafe kusan shekaru ashirin ana nema.

Kalmar a gaban doka

Tambayar da ke bin kowane “resource” ita ce: na wa ne? Amsar ba ɗaya ba ce a duniya. A Amurka, wanda ya mallaki fili yana iya mallakar man da ke ƙarƙashinsa, ya sayar ko ya bayar haya. Najeriya ta gaji tsarin Birtaniya na mulkin mallaka, wanda ya danƙa ma'adinai ga Sarauniya ko Sarkin Ingila. Da aka karɓe ikon mulki daga kamfanin Royal Niger a 1900, cikin diyyar da aka ba shi har da rabin kuɗin haƙƙin ma'adinan wani babban yanki na Arewa na tsawon shekaru 99. Dokar ma'adinai ta tsakiyar shekarun 1940 tana cikin dokokin da jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana yaƙa, tana cewa ƙwace ne. Da aka sami 'yanci, sai gwamnatin tarayya ta zauna a kujerar da Turawa suka tashi.

Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 44 a Kundin 1999 ya ce dukkan ma'adinai da mai da iskar gas, a doron ƙasa ko a ruwan Najeriya, mallakar gwamnatin tarayya ne. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta maimaita haka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa fili ga gwamna, amma abin da ke ƙarƙashin filin ba nasa ba ne. Wannan ne ya sa aka yi ce-ce-ku-ce a 2020, da labari ya bazu cewa gwamnatin Zamfara za ta sayar wa Babban Banki zinariya: mutanen Neja Delta suka tambaya, in Zamfara na da iko da zinariyarta, me ya hana su iko da mansu? Sai da gwamnatin tarayya ta fito ta nanata cewa doka ɗaya ce a kan duka biyun.

Sashe na 162 kuma ya ce aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin da ya shiga asusun tarayya kai tsaye daga “natural resources” za a mayar wa inda aka samo shi. Kundin bai fassara jimlar ba, saboda haka sai da ta je Kotun Ƙoli. A hukuncin ranar 5 ga Afrilun 2002, a ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar da jihohi 36, kotun ta ce iyakar jihar da ke bakin teku tana ƙarewa ne a inda ruwa ke ja da baya, wato man da ke cikin teku ba daga jihar aka samo shi ba. Ta amince cewa iskar gas tana cikin ma'anar jimlar. Ba ta kuwa karɓi hujjar da ta fito daga ɓangaren Arewa ba, cewa amfanin gona da na dabbobi, irin su gyaɗa da auduga da fata, su ma a lissafa su. A idon kotu waɗannan amfanin noma ne. Bahaushen da ke cewa “albarkatun ƙasa” yana nufin har da gero da shanu, to ya sani ma'anar doka ta fi tasa ƙunci. Hukuncin ya girgiza jihohi irin su Akwa Ibom, waɗanda mafi yawan mansu a teku yake, har sai da aka warware ta hanyar siyasa da wata doka a 2004, wadda ta ce man da ke ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba za a lissafa wa jihar da ke gaɓar.

“Resource control”

Wannan jimla ƙirar Najeriya ce a ma'anar da muke ba ta. Tushenta yana cikin takardar haƙƙoƙin Ogoni ta 1990 da gwagwarmayar Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin Abacha ta rataye a 1995, sannan Sanarwar Kaiama da matasan Ijaw suka fitar ranar 11 ga Disamban 1998 ta ce fili da abin da ke cikinsa na al'ummarsu ne. Bayan dawowar mulkin farar hula, gwamnonin yankin irin su Victor Attah da James Ibori suka ɗauki taken suka shigar da shi siyasar manya.

Masu wannan kira suna kafa hujja da tarihi. Kundin 1963 ya ba yanki rabin kuɗin haƙƙin ma'adinan da aka haƙa a cikinsa. Gwamnatocin soja da na farar hula suka yi ta zaftare kason, ya sauka zuwa kashi 45 a 1970, kashi 20 a 1975, har ya kai kashi 1.5 a 1982, kafin ya ɗan ɗaga zuwa 3 a 1992. Suna cewa lokacin da gyaɗa da koko da manja ke riƙe da ƙasa kowane yanki ya ci moriyar nasa, da mai ya zo ne aka sauya doka. Masu adawa, yawancinsu daga Arewa, suna amsawa da cewa gyaɗa gumin manomi ce, mai kuwa babu wanda ya shuka shi, kuma ƙasa baki ɗaya ta yi yaƙi ta zuba jari don kare shi. A taron sauye-sauyen siyasa na 2005 wakilan Kudu maso Kudu sun nemi kashi 25, aka tsaya a 17, suka fice. Taron ƙasa na 2014 ma bai iya rufe maganar ba.

Fassarar jimlar ita kanta ɗaukar ɓangare ce. Wanda ya ce “mallakar albarkatu” ya faɗi matsayin Kaiama. Wanda ya ce “iko da albarkatu” ya bar ƙofa a buɗe, don ana iya iko da abin da ba a mallaka ba. Wanda ya ce “ƙarin kaso” ya faɗi abin da yawancin gwamnoni ke nema a zahiri. Abubuwa uku ne daban, kuma 'yan siyasa sukan yi kirari da na farko a gaban jama'a, su yi ciniki a kan na uku a Abuja. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kawo na huɗu, inda ta wajabta wa kamfanoni zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu, ba tare da kuɗin ya bi ta hannun gwamna ba.

A matakin duniya ma jimlar na da 'yar uwa. Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1803 na Disamban 1962 ya tabbatar wa al'ummomi da ƙasashe iko na dindindin a kan albarkatunsu. Da irin wannan harshe gwamnatin sojan Nijar ta yi magana a 2025, da ta ƙwace kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyam a Arlit daga hannun Orano na Faransa, bayan sama da shekaru hamsin ana haƙa. Ƙudurin dai bai raba gardama tsakanin gwamnatin ƙasa da mutanen da ke zaune a bakin ramin ba.

“Resource curse”

Masanin tattalin arziki Richard Auty ne ya yaɗa wannan jimla a wani littafi na 1993, don bayyana yadda ƙasashe masu yawan ma'adinai sukan kasa ci gaba kamar waɗanda ba su da su. A Hausa sai ta fito da kaifi fiye da na Turanci, “tsinuwar albarkatu”, kalmomi biyu masu karo da juna. Ba camfi ake nufi ba, akwai hanyoyin da abin ke bi. Kuɗin waje da ke kwararowa daga abu guda yana ƙarfafa kuɗin ƙasa, sai kayan waje su yi arha, noma da masana'antun gida su durƙushe, abin da mujallar The Economist ta raɗa wa suna cutar Holan a 1977. Farashin kasuwar duniya yana hawa da sauka, kasafin kuɗi na binsa. Mafi muni kuma, gwamnatin da ke samun kuɗinta daga rijiya ba ta buƙatar harajin talaka, don haka ba ta jin dole ta saurare shi. Norway da Botswana sun nuna cewa ba ƙaddara ba ce, ingancin hukumomi ne ke raba hanya.

Wani lokaci kuma tsinuwar ba ta tsayawa a lissafin masana. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Farashin zinariya ya tashi a duniya, duwatsun da a da ba a kula su suka zama abin nema, mutane suka riƙa kawo su cikin gida suna niƙawa. Duwatsun na ɗauke da dalma, ƙurarta ta shiga ƙasar tsakar gida da ruwan sha. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. A takarda, zinariyar mallakar gwamnatin tarayya ce tun kafin a tono ta. A Afrilun 2019 gwamnatin ta haramta haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙar da ta ce tana da ita da 'yan bindiga, haramcin da ba a ɗage ba sai a Disamban 2024.